Zanzibar da iyali: akwai tarihin da zai biya kuɗin jirgi?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo nan Kumasi. Na ɗan tara wani abu ina so in fita da maiɗakina hutun sati ɗaya, abokaina duk Dubai suke cewa amma ni hankalina ya tafi Zanzibar, sabida ina son tarihi ita kuma teku take so ta gani da namun daji. Abin da ke damuna duk hoton da na gani a Facebook turawa ne kusan tsirara a bakin ruwa. Shin wurin ya dace da musulmi da iyalinsa? Akwai tarihin da zai biya kuɗin jirgi ko Cape Coast ɗinmu ta ishe ni? Kuma wane wata ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa kasuwa albarka, a gaida Hajiya. In na fahimce ka abu uku kake so ka sani, ko mutuncinku zai tsira a wurin, ko abin da za ka gani ya kai wahalar tafiyar, sai kuma lokaci. Ni aikina harkar tikiti da biza ne nan unguwar Nima a Accra, yawanci Umra da China da Dubai muke yi, amma nakan raka mutanenmu Zanzibar kuma nakan shirya wa wasu su tafi su kaɗai, to a kan abin da idona ya gani da abin da masu dawowa suke faɗa mini zan ba ka amsa.

A taƙaice ka je. Amma inda ka sauka shi zai yanke maka irin Zanzibar ɗin da za ka gani. Hotunan nan na Facebook gaskiya ne, ba haɗi ba ne, sai dai na wasu otal-otal ne da ke jere a bakin teku can arewa da gabas, an kewaye su da katanga, an gina su ne domin baƙi 'yan Turai. Da ka fito daga ƙofarsu ka yi tafiyar minti biyar ƙauyen musulmi za ka tarar, mata da hijabi, yara sun taso daga makarantar allo, ana kiran sallah ta ko'ina. Mutanen tsibirin kusan dukkansu musulmi ne. Kuskuren da mutanenmu suke yi shi ne su sayi irin shirin nan na otal da ci da sha duk a haɗe, mota ta ɗauke su daga filin jirgi ta kai su bayan katanga, su kwana shida suna kau da kai, su dawo suna cewa garin fasiƙai ne. Alhali garin ma ba su shiga ba.

Abin da ya kawo Larabawa nan

Zanzibar tsibirai ne a gefen Tanzaniya cikin tekun Indiya, manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba. Wanda kowa ke nufi in ya ce zai je Zanzibar shi ne Unguja, tsawonsa wajen kilomita 85 ne kawai, a mota awa biyu zuwa uku ka gama shi daga kai zuwa ƙafa. To me ya sa ɗan wannan wuri ya zama babban birnin kasuwanci? Iska ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ita ke turo jiragen ruwa masu filafilai daga Oman da Yaman da Indiya har gaɓar Afirka, sannan daga Afrilu ta juya ta koma busowa daga kudu ta mayar da su gida. Ka ga ɗan kasuwa in ya zo ba shi da halin komawa sai iska ta juya, dole ya zauna watanni, ya kama gida, ya yi aure, ya gina masallaci. Kai da ka tashi a zango ba sai na yi maka dogon bayani ba, haka kakanninmu fataken goro suka yi a Salaga da Kumasi, aka zo fatauci aka zama 'yan gari. Daga wannan cuɗanya ta mutanen gaɓa da baƙi al'ummar Suwahili ta fito.

Musulunci ya daɗe a can ƙwarai. A kudancin tsibirin akwai wani ƙauye Kizimkazi, masallacinsa yana da rubutun Larabci irin na Kufi a jikin bangon alƙibla mai ɗauke da shekarar 500 bayan hijira, wato 1107. An sake gina yawancin masallacin daga baya amma rubutun yana nan. Ƙaramin masallaci ne, in ba a nuna maka ba za ka wuce shi, kuma direbobi ba sa son tsayawa sabida su ganin dolfin suke kai baƙi wannan ƙauye. Ka matsa a tsaya.

Turawan Fotugal, su dai waɗanda suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Ghana a 1482, sun zagayo ta kudancin Afirka sun mamaye wannan gaɓa wajen shekara ɗari biyu, har Larabawan Oman suka kore su a 1698. Daga nan Zanzibar ta shiga hannun Oman, kuma abin ya kai har Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya bar Maskat ya dawo da fadarsa Zanzibar a 1840. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, sarkin Larabawa ya taso daga ƙasarsa ya dawo Afirka da zama sabida a nan arzikin yake. Arzikin kuwa abu uku ne, hauren giwa, kanumfari, da bayi. Zan dawo kan na ukun.

Tsohon gari

Stone Town ake ce masa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan nake so ku kwana uku na farko, a ƙaramin otal cikin gari, akwai da yawa na musulmi da ba sa sayar da giya, ka tambaya kafin ka biya. Gidajen da dutsen murjani na teku aka gina su da farar ƙasa, hawa biyu hawa uku, lunguna matsattsu mota ba ta shiga sai babur da keke, za ku ɓace ba sau ɗaya ba kuma ba komai, garin ƙarami ne duk inda kuka bi ko teku za ku ɓulla ko babban titi.

Abin da zan ce ka ba wa lokaci shi ne ƙofofi. Ka tsaya gaban guda ɗaya ka dube ta sosai maimakon ka ɗauki hoto ashirin kana tafiya. Katako ne mai kauri an sassaƙa shi, na Larabawa samansu a miƙe yake kuma sau da yawa za ka ga aya ko sunan mai gida da shekarar gini a rubuce, na Indiyawa samansu a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini a jere. A gefen ƙofar akan sassaƙa sarƙa da furanni da kifi. A jikin gidajen kuma akwai dakalin dutse da dattawa ke zama da yamma, mai kofi yana zagayawa da butar tagulla da ƙananan kofuna, baƙin kofi mai ɗaci ana haɗawa da alewar gyaɗa ko ta kwakwa. Akwai wata mahaɗa da ake kira Jaws Corner, nan ake hirar siyasa da ƙwallo, ka yi sallama ka zauna, ba wanda zai tambaye ka daga ina sai bayan an miƙo maka kofi.

A bakin teku akwai tsohuwar ganuwa da Omanawa suka gina bayan sun kori Fotugal, kusa da ita Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Bargash ya gina a 1883, shi ne gini na farko da aka sa wa lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a Disamba 2020 ana tsakiyar gyaransa, don haka ka sa a ranka mai yiwuwa daga waje za ka gan shi. A gaban wannan wurin aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowane yaƙi gajarta a tarihi. Ingila ta riga ta ɗora hannu a kan Zanzibar tun 1890, da sarki ya rasu a 1896 sai Khalid ɗan Bargash ya hau gado ba da yardarsu ba, suka ba shi wa'adi ya sauka ya ƙi, ranar 27 ga Agusta jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fada wuta, ƙasa da minti 45 an gama, mutanensa wajen 500 aka kashe ko aka raunata. A wannan shekarar dai ta 1896 suka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a Kumasi, daga baya suka kai shi Seychelles, cikin wannan tekun na Indiya. Hannu ɗaya ne yake aiki a gabas da yamma.

Kasuwar bayi

Nan ne amsar tambayarka ta ko Cape Coast ta ishe ka. Ba ta ishe ka ba, sabida labari biyu ne daban. A Cape Coast da Elmina, inda Turawa suka riƙa tsare bayi kafin a ƙetare da su, musulmi yana shiga kurkukun ya fito da sauƙin zuciya ta wani ɓangare, yana cewa ga abin da Turawa suka yi mana. A Zanzibar wannan sauƙin babu shi. Masu kasuwar musulmi ne, Larabawa da Suwahilawa, attajiran Indiya na ba da jari, ayari na shiga cikin ƙasa har tafkin Tanganyika da gabashin Kwango da yankin Malawi, a ɗora wa mutane hauren giwa a ka su kawo gaɓa, a sayar da hauren a sayar da wanda ya ɗauko shi. Wasu a tura su Arabiya da Farisa, da yawa kuma a bar su a gonakin kanumfari na Unguja da Pemba. Mafi shahara cikin 'yan kasuwar shi ne Hamad bin Muhammad da ake kira Tippu Tip, ya rasu a 1905, gidansa yana nan cikin gari za a nuna maka, da ƙofarsa mai kyan gaske.

An rufe kasuwar a 1873, da Ingila ta matsa wa Sarki Bargash ya sa hannu, sannan 'yan mishan suka gina babban cocin Anglika a daidai wurin, a unguwar Mkunazini. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan. Na sha ganin mutanenmu suna turjewa a ƙofa wai ba za su shiga harabar coci ba. Ba ibada za ka je yi ba, kuma in ba ka son shiga cikin cocin kansa ba dole, abin gani yana gefe. Akwai ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya, tagar ba ta wuce tsagar da hannu zai shiga ba, an yi tudun siminti a gefe da rami a tsakiya, mutum goma in kuka shiga numfashi ya fara yi muku wuya. A waje an yi gumakan mutum biyar a cikin rami da sarƙa a wuyansu. Sai kuma ɗakin baje tarihi mai hotuna da bayanai, wanda a ganina ya fi komai amfani, ka ba shi awa guda kar ka bari jagora ya hanzarta ka. Masu rakiya suna da labarai da suke ƙara wa gishiri don baƙi su ji tausayi su ƙara kuɗi, abin da ke rubuce a bango shi ne aka tantance, shi za ka riƙe.

Rufe kasuwa bai kashe cinikin ba, an koma yi a ɓoye. A Mangapwani, arewa da gari, akwai wani ɗaki da aka haƙa cikin dutse a bakin teku inda ake ɓoye mutane kafin a loda su da dare. Bautar kanta sai a 1897 aka soke ta a doka. Kuma wannan tsohon ciwo yana cikin abin da ya fashe a juyin juya halin 12 ga Janairu 1964, wata ɗaya kacal bayan samun 'yanci, aka kifar da sarki, aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa, wasu da yawa suka gudu, Abeid Karume ya zama shugaba, a Afrilun shekarar aka haɗe da ƙasar Tanganyika aka samu Tanzaniya. Maganar nan har yau tana da zafi a can, akwai wanda kakansa bawa ne akwai wanda aka kashe kakansa a 1964 kuma sahu ɗaya suke sallah, don haka in ba su suka ɗauko ta ba kar ka ɗauko.

Ni shawarata ga duk ɗan zango da zai je can, in ya dawo ya nemi lokaci ya je Salaga. Mu ma kasuwarmu ta goro da bayi take tafiya, rijiyoyin da ake yi musu wanka kafin a kai su kasuwa suna nan, kuma ba Bature ne ya haƙa su ba. Yawancinmu mun san Elmina sabida makaranta ta kai mu, Salaga kuwa sai dai a baki.

Ɓangaren Hajiya

Yanzu abin da ita take so. Ka faɗa mata tun daga gida babu zaki babu giwa a Zanzibar, wannan sai an tsallaka babban yankin Tanzaniya, Serengeti ko Mikumi, kuma wata tafiya ce da nata kuɗin. Abin da ke akwai shi ne dajin Jozani, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga gari, inda ake ganin wani jan biri da babu irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar, bayansa ja, gashin kansa fari a tsaitsaye. Sun saba da mutane, suna saukowa reshen da ke daidai kanka suna cin ganye ko kallonka ba sa yi. Ku je da sassafe, kar ku ba su abinci, kar ku taɓa. A ɗaya gefen titin an shimfiɗa gadar katako cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, in ruwa ya janye za ku ga ƙananan ƙaguwa cike da taɓo. Rabin yini ya isa.

Sai Changuu, wanda ake kira tsibirin kurkuku, minti ashirin zuwa talatin a kwalekwale mai inji daga bakin gari. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, killace masu cuta aka riƙa yi. Abin da ke kai mutane shi ne manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, girmansu ya kai babba ya zauna a kai, amma an hana. Wurin yakan cika da baƙi da rana, ku tafi da safe, kuma ku tabbatar an ba ku rigar ruwa kafin a tashi, in babu ku canza kwalekwale.

Gonar kayan ƙamshi kam ita ce za ta fi burge ta, na tabbata. A yankin Kizimbani da Kidichi suke. Duk abin da take saye a ƙulle a kasuwar Kejetia ta Kumasi za ta gan shi a jikin bishiyarsa. Kanumfari ashe ƙullin fure ne da ake tsinka da hannu kafin ya buɗe, yana kore-kore da ɗan ja, a shanya a tabarma kwanaki har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ne, yaron gonar zai ɗan fere da wuƙa ya miƙa mata ta shinshina, ya tono saiwar ita ma ta ji wani ƙamshin daban. Gyaɗar ƙamshi in an fasa 'ya'yan za ka ga ƙwallon a naɗe da wani jan zare. Ga masoro yana hawa jikin wata bishiyar, ga citta ga kurkum ga banila. A ƙarshe za a kai ku teburin sayarwa, ku sayi kaɗan don ihsani, babban sayayya ku bari sai kasuwar Darajani cikin gari inda 'yan gari ke saye, farashin ba ɗaya ba ne. Yawancin kanumfarin yanzu daga Pemba yake fitowa.

Tekun kuma ba irin namu ba ne. Namu na Labadi da Kokrobite igiyar ruwa ce mai duka, can kuwa duwatsun murjani sun tare ƙarfin ruwan tun daga nesa, sai ya iso a kwance, garau har kana ganin yatsun ƙafarka, yashi fari fat. Amma akwai abin da masu talla ba sa faɗa. A gabas, Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa yana janyewa nesa sosai sau biyu a yini, ka fito ka ga teku ya tafi can ƙarshen gani, sai bayan awanni ya dawo. Wanda ya zo don iyo yakan ji haushi. Ku kuwa ina ga ya fi muku, domin lokacin ne matan ƙauye ke shiga da zannuwansu suna aikin gonar ciyawar teku, sun kafa turaku sun ɗaura igiyoyi, suna cira suna shanyawa, ana fitar da ita waje ana kuma yin sabulu da ita. Hajiya za ta iya takawa cikin ruwa iya gwiwa da doguwar rigarta ba wanda zai kalle ta, haka matan wurin suke yi. Ku sa takalmin roba sabida akwai wata halitta mai ƙaya a ƙasan ruwan, in ta soki ƙafa hutun ya lalace. Jambiani ta fi natsuwa, ita nake tura masu iyali. Nungwi da Kendwa a arewa ruwansu ba ya janyewa sosai kuma sun fi kyan faɗuwar rana, amma can ne hotunan da suka dame ka suka fi yawa, da kiɗa har dare. In kun je Nungwi ku je da rana ku ga masu sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu a bakin yashi, ku juyo.

Ganin dolfin a Kizimkazi ni ba na ba da shawararsa, kwalekwale goma na bin dabba ɗaya a guje, ba daɗin kallo.

Sallah da abinci da sutura

Kar ka tashi da asuba ka fuskanci gabas yadda ka saba. Makka tana arewa da Zanzibar kusan sak, alƙiblarsu arewa ce. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bismilla, kuma a asuba ana ƙunutu a bayyane bayan ruku'u hannuwa a sama, ka bi liman kawai. Akwai kuma masallatan Ibadawa, mazhabar Omanawa, su suna sakin hannu a sallah kamar yadda dattawanmu Malikawa ke yi, masallatansu ba ado ba doguwar hasumiya, shi ya sa za ka wuce masallaci a tsohon gari ba ka gane ba sai ka ga takalma a ƙofa. Ba kowane ƙaramin masallaci ke da wurin mata ba, Hajiya ta tambaya tukuna.

Nama a cikin gari na yanka ne, ba abin damuwa. A manyan otal na bakin teku ne za ka tambaya, can ana dafa alade ana zuba giya a wasu girke-girken. Ku ci shinkafar filau da biriyani, ku gwada urojo, wani romo ne mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, da tsirensu da suke kira mishkaki, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Yajinsu ƙamshi ne ba zafi ba, wanda ya saba da shito, soyayyen yajinmu na Ghana, ya sa kwalba ɗaya a jakar da za a auna. Da daddare ana kasuwar abinci a lambun Forodhani, ku je don kallo da rake, amma kifi da jatan lande da aka jera a tebur tun yamma ku yi hattara, na ga cikin mutane ya ɓaci a kansu. Abin da aka soya a gabanka shi za ka ci, kuma ka ji farashi kafin a ɗora a wuta.

Sutura ba ku da matsala, kayan da kuke sawa a Aboabo su ne daidai, kai da jallabiya ko kaftani za a ɗauke ka ɗan gari har a fara yi maka Suwahilanci.

Lokaci da takardu

Yuni zuwa Oktoba ya fi, ba ruwa sosai kuma zafi da sauƙi, sai dai Yuli da Agusta Turawa na hutu komai ya yi tsada, don haka ni Yuni ko Satumba zuwa farkon Oktoba nake zaɓa wa mutane. Janairu da Fabrairu ma rani ne amma da zafi. Ka guji ƙarshen Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi, wasu otal ma rufewa suke. Akwai ɗan ruwa a Nuwamba amma ba ya hana yawo. Da azumi gidajen abinci da yawa a gari a rufe suke da rana, yawon ma ba zai yi daɗi ba, ku bari bayan sallah.

Babu jirgi kai tsaye daga Accra, ko ta Addis Ababa da Ethiopian ko ta Nairobi da Kenya Airways, kuma tikitin shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗinka, ka saya da wuri. Suna gabanmu da awa uku. Ka lissafa kwana ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, ga kuma hanyar Kumasi zuwa Accra, don haka in da hali ka mayar da satin nan kwana tara. In tikitin Darussalam ya fi araha kana iya sauka can ku hau jirgin ruwa, wajen awa biyu ne, amma in Hajiya ba ta taɓa hawa teku ba ku sauka Zanzibar kai tsaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, dole ne tunda daga Ghana kuke, ana tambaya. Tun Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44 kowane mutum, ana biya ta intanet kafin a tashi, ko kana da wata inshorar sai ka yi wannan. Maganar biza ta danganta da fasfo, in ɗayanku na Najeriya yake riƙe da shi dole a nema tun daga gida a jira amsa, ba a bayarwa a filin jirgi, kuma dokokin nan suna canzawa, ka sa wanda zai yanka maka tikiti ya duba maka a satin da za ka biya. Maganin sauro da sauran abin da ya shafi lafiya ba fannina ba ne, ku ga likita, musamman in Hajiya tana da juna biyu.

Sidi ba ya canzuwa a can, MoMo ɗinka ma ba zai yi aiki ba. Ka tafi da dala sabbin bugu marasa yagewa, tsofaffi ana ƙi, ka canza zuwa shilin ɗin Tanzaniya a cikin gari, ka riƙe katin banki don ko-ta-kwana. Kar ku sa kaya a leda, an hana shiga da ita. Dala-dala, wato motar hayarsu irin trotro ɗinmu, tana da araha kuma tana zuwa ko'ina, amma da iyali da jaka gara tasi, ku gama ciniki kafin ku shiga. Samari masu tare baƙi a tashar jirgin ruwa da bakin Forodhani za su bi ka da surutu, ka yi musu sallama ka ce ka gode ka wuce, jagora kuma ka nemi mai katin shaida ta hannun otal ɗinka, yini ɗaya kawai kake bukatarsa a tsohon gari, sauran ku yi yawonku ku biyu. In direba ya ce maka ƙarfe kaza ka sa ya nuna maka a agogo, sabida lissafinsu daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe ɗayansu bakwai ɗinmu ce ta safe.